Bashin Hajiya

Ranar da na karɓi makullin gidana a International City, babu bankin da ke bi na ko sisi, amma bashi ya kai mini iya wuya. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya dube ni kamar na fara taɓuwa. Lafiyata ƙalau. Lissafina ne ya bambanta da na mutane, kuma har gobe ina kan bakana.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a nan Dubai, na daɗe a garin har na daina ɗaga kai in kalli dogon gini. Abin da kowane baƙo ke ganewa a nan, da wuri ko a makare, shi ne ba shi da fansho. Ranar da ƙarfinka ya ƙare za a ba ka giratuti a dunƙule, a yi maka godiya da Turanci mai daɗi, a soke bizarka, shi ke nan. Don haka tun farkon zuwana na buɗe wani asusu daban a wani banki daban, na sa masa suna asusun tsufa. Duk wata, kafin in sayi ko gishiri, sai na cire masa rabonsa. Da suka ba ni katinsa, almakashi na sa masa.

Ba a makaranta na koyi wannan taurin kan ba, a gidanmu na koya. Babanmu ya yi aiki a masaƙa a Kano har ya yi furfura. Da aka biya shi kuɗin sallama, gidanmu ya koma kamar gidan suna. 'Yan'uwan da ba mu taɓa gani ba duk suka gane hanya. Wannan gonarsa na jingina, wancan rufin ɗakinsa ya yaye, waccan mijinta na kwance. Baba mutum ne mai kunya, bakinsa ba ya iya furta babu alhali akwai. Kafin damina ta zagayo kuɗin sun watse, filin da ya yi niyyar saya ya zama labari, kuma a gidan haya ya rasu. Tun daga nan Umma ta zama mai jaka. Wata ƙatuwar jaka ce mai zif, ta kwana biyu a gidan Yayanmu, ta ɗauka ta koma gidan ƙanwata, daga can ta leƙa ƙauye. Kowa na girmama ta, babu wanda ya taɓa yi mata kallon banza. Amma babu ƙofa ko ɗaya da take da makullinta, ni kuma abin nan yana ci mini rai tun ina budurwa.

Gidan da nake magana ɗaki ɗaya ne da falo, a hawa na biyu, tagarsa na kallon rufin babbar kasuwar 'yan China. Haya muke yi a ciki ni da mijina, wanda ke aikin kago, wato jigilar kaya, a Deira, sai mai gidan ya ce zai sayar. Mijina yana da nasa ginin da ke cin kuɗinsa a Kano, don haka ya ce in ina so in je banki kamar kowa. Na je. Wani saurayi mai ƙamshin turare ya zaunar da ni, ya kawo mini shayi, ya nuna mini abin da zan biya a kan kuɗin gidan kafin in gama. Na sha shayinsa, na yi masa godiya, na fito.

A bas ɗin komawa gida dabarar ta zo mini. Ga kuɗi can kwance a asusun tsufa, sun kusa kai kuɗin gidan, in na haɗa da 'yan gwala-gwalaina za su kai. Me zai sa in yi shekaru ina ciyar da mutanen da ban sani ba? Asusun ya zama bankin mana. Amma ba ɗauka zan yi ba, rance zan karɓa, in riƙa biya duk wata har da ƙari, kwatankwacin abin da kuɗin za su haifa da na bar su a inda suke. Tsakanin ɗauka da rance akwai tazara, kuma a kan tazarar nan na gina komai. Na ce wa mijina kuɗin nan ba nawa ba ne, na wata tsohuwa ce da ba ta iso ba tukuna, wadda gwiwarta ta daina hawa bene, idonta ya daina ganin jijiya, babu asibitin da zai ɗauke ta aiki. In ta iso, ko ta zauna a gidan, ko ta koma Kano kuɗin hayarsa na iske ta can, kuma asusunta ya cika kamar ba a taɓa shi ba.

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tsohuwar da har take ba da rancen gida ai ta wuce tsohuwa, sai dai Hajiya. Daga ranar sunan ya bi ta.

Shi ne kuma ya tayar da maganar ƙarin, wai yana tsoron kada matarsa ta ci kuɗin ruwa. Na san tsokana ce, amma na ce ya tambayo. Ya tambayi wani malami da suke sallar Juma'a tare a Karama. Malamin ya ce abin da ya fita daga aljihun dama ya shiga na hagu ba kuɗin ruwa ba ne, sai dai shi bai taɓa ganin wanda ya matsa wa aljihunsa na dama haka ba, a gaishe ni.

Saura yadda zan hana kaina cin amana, don na san halin ɗan Adam, na kuma san nawa. A nan garin da cak ɗin banki ake biyan haya, ka rubuta na watannin gaba ka miƙa, kuma babu abin da baƙo ke tsoro kamar cakinsa ya dawo. Sai na yi wa Hajiya yadda ake yi wa mai gida. Na rubuta na shekara guda da sunan asusun tsufa, na kai wa maƙwabciyata, wata 'yar zangon Kumasi da ke aiki a otal, na ce duk ƙarshen wata ta kai guda banki, ko ina so ko ba na so. Na zaɓe ta ne don ba ta da kara ko kaɗan. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinta. Akwai lokacin da firjinmu ya mutu ana tsakiyar zafi, irin zafin da in ka taɓa ƙarfen ƙofa sai ka yi salati. Na je na roƙe ta ta jinkirta na watan. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Hajiya ya ce a'a. Ka sha ruwan zafi, chale, ba ka mutuwa."

Haka muka yi ta sayen ƙanƙara muna zubawa a kula har albashi na gaba ya shigo. Mijina ya ce bai taɓa ganin azzalumar mai gida irin Hajiya ba, ni kuwa daɗi na ji har cikin raina, don na tabbata abin ya kama ƙasa.

Yadda Hajiya ta isa Kano, ta bakin Yaya ne. Kada a ɗauka ni marowaciya ce. Kuɗin Umma na wata ba ya fashi, kayan Sallah na kaina, kuɗin makarantar 'ya'yan ƙanwata ma rabi nawa ne. Amma Yaya ya bugo yana son jari mai nauyi, zai buɗe shagon kayan gyaran adaidaita. Wannan shi ne jari na uku da zai nema a wurina, na farko kaji suka cinye, na biyu abokin kasuwanci ya gudu da shi. Na ce masa ina biyan bashin gida. Ya ce na banki? Na ce a'a, na wata Hajiya ce, kuma ba ta jira.

Ya ce Allah ya rufa asiri, ya ajiye waya. A nan na gane wani abu game da mutanenmu. In ka ce ina tarawa, abin da kunne ke ji shi ne akwai. In ka ce ana bi na, kowa sai ya ja da baya, har a tausaya maka. Kuɗin ɗaya ne, inda za su ɗaya ne, kalmar ce kawai ta bambanta. Ban yi ƙarya ba, ban kuma yi ƙarin bayani ba, kuma har yau ban ga laifina ba.

Daga nan Hajiya ta yi ta girma a Kano ba tare da sa hannuna ba. Ƙanwata ta ji an ce 'yar Barno ce mai shagon gwal. Matar Yaya ta ce ai ta san wata da ta san ta. Umma kuwa ta sa ta a addu'a. Duk muka yi waya sai ta ce, matar nan da ta rufa miki asiri, Allah ya rufa mata, ya ba ta lafiya da tsawon rai, ya sa ta gama da duniya lafiya. Ni kuma in amsa da amin, amin ɗin da ban taɓa yin mai ƙarfinsa ba.

Ana nan sai yanar ido ta rufe wa Umma gani. Na yi mata biza, ta zo, aka yi mata aiki. Da aka cire auduga, abin farko da ta gani shi ne ƙurar da ke kan fankata, na biyu kuma wai na rame. Ta riƙa tsayawa a taga tana karanta mini lambar kowace bas da ta wuce, kamar ita aka ba aikin. Na yi murna ƙwarai, don rabon da in ga Umma tana dariya haka tun Baba na da rai.

Da ta ƙara warwarewa sai ta jawo jakar nan tata ta zuge zif. Daga can ƙasa ta fito da turmin atamfa mai tsada, da kwalbar turaren wuta, da kilishi, da ƙullin daddawa. Na miƙa hannu, ta buge shi. Ta ce ba nawa ba ne, na Hajiya ne. Ba zai yiwu ta tako garin nan, ta kwana a ɗakin da matar nan ta saya wa 'yarta, ta koma ba ta je ta durƙusa ta yi godiya ba, me za a ce da tarbiyyarta? Sannan ta sassauta murya ta faɗi sauran. Yaya ne ya roƙe ta, in ta ga Hajiya ta nemi alfarma a ɗaga mini ƙafa na shekara guda, kuɗin da nake biya in juya masa su zama jari. Ta ce su tsofaffi suna jin maganar juna, in bar mata kawai.

Nan na sha jinin jikina. In na faɗi gaskiya, labari zai riga Umma isa Kano, bashin ya tashi daga bashi ya koma ajiya, ajiya kuwa na san yadda take ƙarewa, na gani da idona a gidanmu. Shekarar Yaya za ta zama shekaru, bayansa wani ya taso, tsohuwar da nake tara wa ta iso ta tarar da asusu wayam. In kuma na ci gaba da rufewa, uwata zan yaudara ido da ido, wannan kuwa ba na yi.

Na fara da jan ƙafa. Na kai ta Satwa wurin tela aka auna ta. Na kai ta kasuwar 'yan China ta yi ta taya labule da ba ta da tagar da za ta rataya shi. Ta bi ni ko'ina, amma duk muka dawo sai ta ce ba yawo ya kawo ta ba. Mijina ya fara fita aiki tun kafin ta gama lazimi, wai kwantena ta iso, ya ce ni na haifi Hajiya, ni zan yi mata wanka. Maƙwabciyata ta ce in ce Hajiya ya yi tafiya, khalas, magana ta ƙare. Na ce a'a. Shiru a waya daban, ƙirƙiro tafiya a gaban Umma daban.

Wata Asabar da hantsi na fito daga kicin na same ta ta ci ado, ta yafa mayafinta na zuwa unguwa, ga tsarabar a leda a gefen ƙafarta. Ta ce in kira tasi. Na goge hannuna, na zauna a ƙasa a gabanta.

"Umma, ba sai an kira tasi ba. Hajiyar ni ce."

Ta ce ba ta son wasa. Na ce ba wasa nake ba, na yi mata bayani tun daga asusun har bas ɗin da dabarar ta zo mini a ciki, har firjin da ya mutu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire mayafin a hankali, ta ninke shi, ta ɗora a cinya. Na san wannan ninkin, tun muna yara in ta yi shi kowa ke neman wurin ɓuya.

"Wato ni kika mayar abin dariya. Ina ta yi wa iska addu'a."

Na ce addu'ar ba ta faɗi ƙasa ba, duk ta isa inda aka aike ta.

"Ɗan'uwanki na cikin matsi, ke kina ɓoye kuɗi a bayan matar da babu ita."

"Akwai ta, Umma. Tana hanya."

"In kin ƙi biya, wa zai kama ki?"

"Babu kowa."

"To?"

"Baba ma babu wanda ya kama shi," na ce. "Ni dai ba na son in tsufa da jaka a hannu."

Jakar na nan a bayanta, zif a buɗe. Ba ta juya ta dube ta ba, ni ma ban duba ba. Maganar ta yi mata zafi, ni ma ta yi mini, don ina ƙaunar matar nan fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Amma ban janye ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta turo ƙofa. Da rana na kai mata abinci ta ce ta ƙoshi. Mijina ya dawo ya ga fuskokinmu, ya tuna wai ya bar wata takarda a ofis.

Washegari bayan azahar na ji motsinta a falo. Na leƙo na gan ta tana bin bango da tafin hannu, kamar mai duba buhun hatsi kafin ta saya. Ta leƙa banɗaki, ta buɗe famfo ta rufe. Sannan, ba tare da ta dube ni ba, ta ce in ba ta makullin. Na ba ta. Ta fita waje ta kulle ƙofar, ta buɗe, ta shigo ta sake kullewa ta ciki, ta tsaya da makullin a hannu.

Ta tambaya ko sunana ne a takardar gidan, nawa ni kaɗai. Na ce nawa ne. Ta ce in an gama biya, kuɗin can ma sun dawo cif? Na ce har da ƙari. Ta ce ita wannan 'yar Gana, ba ta taɓa saɓa wata ba? Na ce ko da zan yi kuka ba ta saɓawa. Umma ta gyaɗa kai. Ta ce lokacin da aka biya Babanmu kuɗin sallama, ta so ta ce masa ya ɓoye rabi, ta yi ta juya maganar a bakinta, kunya ta hana ta, kada danginsa su ce ita ce ta raba su. Ta ce da a lokacin akwai wanda ke bin su bashi, da yanzu tana da ɗaki. Ban taɓa jin ta yi wannan maganar ba, kuma ba ta sake yin ta ba.

Ta ɗauko ledar tsarabar. Kilishin da daddawar ta ce mu ci, Hajiya ba ta da haƙorin kilishi. Atamfar da turaren kuwa ta sa na hau kujera na ɗora su a saman kwaba, ta ja mini kunne kada in kuskura in kai wa tela, ba nawa ba ne, in mai su ta iso ta ɗinka da kanta.

Ana gobe za ta koma Yaya ya bugo. Ina kicin ina soya mata albasa, ita kuma Umma ba ta iya waya sai ta buɗe murya kowa ya ji. Bayan gaisuwa ya tambaya ko an dace. Na rage wutar, na tsaya da cokali a hannu. Na riga na tura masa abin da ya sawwaƙa daga kuɗin ƙarin aiki, amma na san ba shi yake jira ba. Kalma ɗaya daga bakin Umma ta isa ta rushe abin da na yi shekaru ina ginawa, kuma ban roƙe ta ta rufa mini ba.

"Na gan ta," in ji Umma. "Da sabon idona na gan ta. Mutuniyar kirki ce, amma ba ta ɗaga ƙafa, ko na wata ɗaya. Ka nemi jarinka a wani wuri, kada kuma ka ƙara aike na wurinta."

Yaya ya yi ɗan gunaguni, ya ce masu kuɗin nan ba su da tausayi. Sai kuma son jin labari ya ci ƙarfinsa, ya tambaya wai da gaske 'yar Barno ce, yaya kamanninta suke?



"'Yar Kano ce," in ji Umma. "Da ni take kama."